Wasan Duwatsun Mis Adina

Mil Talatin, kan layin dogo
Fabrairu, 1988

Zuwa ga Yaya Zelma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman kan ruwa? Mu nan da sauƙi. 'Yata Yorleni ta zubar da haƙoran gaba, tana ta yawo da wawulo, ni kuma ciwon bayan nan yana nan inda kika bar shi.

Ni ba gwanar rubutu ba ce, kuma ni da ke ba mu saba can-can ba. Matar ɗan kawunki ce ni kawai, shi ma Delroy ɗin ƙasa ta daɗe da rufe masa ido. Amma ba ni da wanda zan kai wa kuka sai ke, tunda ke Mis Adina ta raina a ɗakinta.

Kakarki ta faɗi a bakin murhu bayan Kirsimeti. Kada hankalinki ya tashi, tana da rai. Hannun dama ne ya mutu, ƙafa kuma tana ja. Abin da ya fi damuna shi ne bakinta. Sifaniyanci ya fice mata daga kai tas. Matar da ke tsayar da 'yan tallan jirgin ƙasa ta yi ta ciniki har su gudu, yau ko "ina kwana" ba ta iya mayar mini. Likita a birnin Limón ya ce akan yi haka, wai harshen da ta sha a nono ne kawai ya rage mata, wato Turancinku.

Kin dai san garin nan. Tun da ciwo ya cinye gonakin koko naku suka watse, wasu jirgin ruwa, wasu Amurka, wasu maƙabarta. Mu 'yan kan dutse masu Sifaniyanci muka cike layin. A cikin naku saura Mista Ruel, shi kuwa ko jirgi ya taka masa ƙafa sai dai ya ji zafi, ba dai ya ji ƙara ba.

Jiya tun safe take nanata magana ɗaya. Na kawo ruwa, ta ture. Na kawo fo, ta harare ni. Na kawo Littafi Mai Tsarki, ta jefe ni da moɗa, sannan ta juya ga bango tana kuka ba sauti. Matar nan ta daɗe ba ta amsa gaisuwata saboda jikanta ya auro 'yar kan dutse, amma na rantse miki jiya zama na yi a ƙasa na taya ta kukan. Tana cikin gidanta, cikin mutane, kuma ba mai jin ta.

Ki zo gida, Yaya Zelma. Wanki da goge-goge na iya, wannan ne ya fi ƙarfina.

Taki,
Marielos

*

Cikin jirgin ruwa, tsakanin tsibirai
Afrilu, 1988

Zuwa ga matar ƙanena Marielos,

Na gode da wasiƙa, Allah ya saka miki. Sai da ta bi ni tasha-tasha kafin ta cim mini. Lafiyata ƙalau, ban da ƙafa da ke kumbura. Ki sumbatar mini mai wawulo.

Na karanta a makewayi, don a nan idan aka ga hawayenki sai a ce kina ɓata wa baƙi hutu. Marielos, ba zan iya zuwa yanzu ba. Wanda ya sauka kafin wa'adinsa ba ya sake hawa, nawa kuma sai Agusta. Ki yi mini duk zagin da kike so, na ci.

Amma ba zan zauna hannu rungume ba. Kin san aikina a nan: ɗakin yara aka ba ni, in yi ta wasa da 'ya'yan masu yawon shaƙatawa. Akan kawo mini yaron da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, kafin a sauke shi yana faɗa da ni a kan alewa. Ke harshenki ya riga ya bushe, kada ki ji haushi. Na Yorleni ɗanye ne. Ita za ta zama kunnen Kaka.

Ga kaset na sa a cikin ƙunshin, muryata ce a kai. Ki tara ta da 'ya'yan maƙwabta uku ko huɗu, don wasa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Kada ki zaunar da su a benci, kada ki riƙe bulala, na san halinku na makarantar kan dutse. Na farko wasan taɓawa ne: in faɗi kai ko ciki ko gwiwa, su taɓa, wanda ya kuskure ya zama kaza ya zagaya tsakar gida yana kurkur. Na biyu wasan kanti, ki jera musu gwangwanayen madara, a sayi ruwa, a sayi gishiri, a sayi shayi. Na uku wasan likita, da 'yar tsana, a tambaye ta ina ke ciwo. Fassarar kowace kalma tana biye da ita, ke ma ki saci abin da za ki iya.

Ki riƙa yi a bakin ƙofar Kaka, inda za ta ji. Agusta kamar gobe ne.

Yayarki,
Zelma

*

Mil Talatin
Mayu, 1988

Yaya Zelma,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, kwanon ɗakin baya kuma ya zama rariya.

Harshena ya bushe ko? To na gode. Kaset dai ya iso, na tara Yorleni da tagwayen maƙwabciyata Doña Flory da wani ɗan ƙiriniya, Memo. Kwana biyun farko kowa kaza ya zama, har da ni. Doña Flory ta leƙo ta katanga ta ce, "Marielos, zawarcin ne ya taɓa miki kai, ko ƙwai za ki saka mana?" Na ce idan na saka ba za ta ci ba.

Sai dai kaset ɗinki ya jawo abin da ba mu zata ba. Da Mis Adina ta ji muryarki, sai ta yunƙura tana kiran sunanki. Ta sa na kai mata rediyon kan gado. Ta yi ta yi masa magana, tana shafa shi, ke kuma kina ta faɗin gwiwa da ciki, ko a jikinki. Ta jira amsa, ta sake magana, kika sake ratsa ta. Sai ta ɗaga sandarta da hannun hagu ta sauke masa. Rediyon Delroy ke nan, ya tashi daga aiki. Ban yi faɗa ba. Fuskarta ba ta bar mini wurin faɗa ba.

Na ce shi ke nan, makaranta ta mutu. Washegari yara suka zo suna yi da ka, Memo ya faɗi wata kalma a karkace, sai muka ji tsawa daga ɗaki. Mis Adina ce ke gyara masa. Ta sa muka fito da ita baranda a kujera, ta karɓe ajin. Yanzu ita ce malama, ni mai share fili.

Ga labari mai daɗi. A wasan likita Yorleni ta ajiye 'yar tsana ta je ta tambayi kakar tata ina ke ciwo. Tsohuwa ta amsa, yarinya ta juyo ta ce, "Mama, bayanta ne." Na ɗaga riga, na tarar da gyambon kwanciya a ƙasan kafaɗa, ya fara ruwa. Abin da take ta gaya mini ke nan tun Fabrairu, ni ina kawo mata fo. Kunya ta kusa kashe ni. Yanzu ana wanke shi, yana kamewa.

Ta kuma kawo nata wasan. Ta aiki yara bakin rafi suka ɗebo duwatsu, kullum da yamma suna ta ƙwanƙwasa su da waƙa. Tana dariya, Yaya Zelma. Tana cinye shinkafa da wakenta har ta nemi ƙari. Sai ka ce ba ita ba.

Muna jiran Agusta.

Marielos

*

Cikin jirgi
Yuli, 1988

Marielos tawa,

Lafiya lau nake, yau ma har da ƙari. Wasiƙarki ta sauke mini dutse daga ƙirji. Na karanta wa abokiyar ɗakina wurin kazar nan, ta yi dariya har ta faɗo daga gado. Rediyo kuwa ki bar shi a wuyana, zan zo da sabo.

Wasan duwatsun nan carabke ne, na sani. Kaka gwana ce, ta sha cinye ni ina ƙarama, kuma ba ta taɓa bari na ci ko don tausayi ba. In har ta koma carabke da neman ƙarin abinci, to ta miƙe ke nan. Ƙashinta irin na mutanen da ne.

Shi ya sa na yi abin da na yi, kuma ki saurare ni kafin ki ɗaure fuska. An nemi in ƙara zuwa Disamba, na amsa. Kin ce kwano ya zama rariya. In na sauka a Agusta da abin da ke hannuna, sai dai mu zauna mu huɗu muna tarar ruwa da tukwane. In na kai Disamba, a canja kwano, a saya mata kujera mai taya, mu yi Kirsimeti tare. Tunda Yorleni ta zama baki da kunne, wata huɗu ba komai ba ne.

Ki sa ta gaya wa Kaka a hankali.

Zelma

*

Mil Talatin
Agusta, 1988

Yaya Zelma,

Gaisuwa. Lafiya muke, in dai numfashi ake kira lafiya.

Haba! Wa ya ce miki ta miƙe? Na ce tana dariya, ban ce ta warke ba. Kin karanta abin da kike so ki gani ne kawai. Matar da nake ɗagawa da hannu ɗaya yanzu? Ƙarin abincin ma ashe ba ci take ba, Memo take tura wa idan na juya baya.

Na sa Yorleni ta gaya mata. "Disamba" ai kusan ɗaya yake a harsunan biyu, ba ta sha wahalar ganewa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta jefi kowa ba. Ta gyaɗa kai, ta ce a kira mata yara.

Kuma ba carabke ba ne, ni ma na san carabke. Wannan durƙusawa suke a da'ira, kowa da dutsensa kamar dunƙulen hannu, suna waƙa, suna buga shi a ƙasa suna tura wa na dama. Wanda ya yi jinkiri a daka masa yatsa. Ita tana buga musu sanda a katako. Da wasa ne, yanzu ya zama aikin soja. Ɗaya daga cikin tagwaye ya koma gida da farce baƙi, Doña Flory ta zo har ƙofa tana cewa, "Turanci kuke koya musu ko fasa dutse?" Da ƙyar na lallashe ta da soyayyar ayaba.

Bari in gaya miki abin da kika yi, don ki ji zafi kamar yadda nake ji. Tsohuwar nan walimar dawowarki take shiryawa. Ta sa na buɗe akwatinta na ciro farin zanen tebur, na wanke, na goge. Ta koya mini suyar kifi irin taku, da nuni da harara, sai da na ƙona uku kafin ta yarda. Ta nuna wa Yorleni yadda za a jera tebur, da faranti ɗaya a ware wanda ba a sa masa gishiri. Na ce to, hala likitan jirgi ya hana ki gishiri saboda ƙafar nan. Har katifa ta sa muka gwada ɗagawa muna jinginewa a bango, ina jin don a sami filin rawa. Waƙoƙin kuwa yara sun haddace su kaf, na cocinku da na wasan.

Duk wannan saboda ke, ke kuma kina can kina lissafin kwano. Abin mamaki, ko da ta ji Disamba ba ta fasa ba, ƙara matsa musu ta yi.

Ba ni da abin cewa kuma.

Marielos

*

Cikin jirgi
Oktoba, 1988

Marielos,

Ki yafe mini, ba zan iya doguwar gaisuwa ba. An canja mana hanya, wasiƙarki ta kwanta a wata tasha, sai yau aka miƙo mini.

Wayyo Allah, Marielos. Ba walimata ba ce. Farantin nan ba nawa ba ne, nata ne.

A wurinmu, idan mutum ya mutu ba ya barin gida sai dare na tara. Ranar ake taruwa, a shimfiɗa farin zane, a soya kifi, a ware masa nasa ba gishiri. A yi waƙa, a durƙusa a yi wasan duwatsu don masu makoki su sami abin dariya. A ƙarshe a jingine katifarsa a bango, ya ga ba shi da sauran wurin kwana, ya kama hanya. Wanda ba a yi wa ba, mukan ce yana nan yana gararamba a tsakar gida, bai san inda zai nufa ba.

Ba laifinki ba ne, ba ki taɓa gani ba. Lokacin Delroy kina gidan iyayenki a garin Turrialba kuna naku addu'o'in. Kaka ta bi layin nan gida-gida tana neman waɗanda suka iya wasan, ba ta sami masu cika da'ira ba. Ta rubuto mini cewa abin yana ci mata rai. Yanzu ta duba ta ga ita ma ba mai yi mata, sai ga yara huɗu na aiko mata har baranda. Ni kuwa na ji duwatsu na ce carabke. Ni da aka raina a ɗakin nan.

Na gaya wa masu jirgi zan sauka, su riƙe aikinsu. Ba inda zan iya samun hanyar gida sai mun isa tashar Colón a farkon Nuwamba. Ki rubuto mini can, ofishin jirgi zai ajiye mini. Ki sa Yorleni ta kama hannunta ta ce Zelma tana hanya. Ta san kalmar zuwa, ta san gida, suna cikin wasan kanti. Ta ce mata ta jira ni.

Don Allah ta jira ni.

Zelma

*

Mil Talatin
Ƙarshen Oktoba, 1988

Yaya Zelma,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki gaisuwar rashi. Ki nemi wuri ki zauna.

Mis Adina ta rasu a ƙarshen Satumba, da hantsi, a kujerarta ta baranda. Ba ta sha wahala ba. Na aika saƙon waya ofishinku, ga alama shi ma ya bi tsohuwar hanyar jirgin. Wasiƙarki ta same mu mun riga mun share makoki. Na ƙudura zan zage ki idan na rubuto, da na karanta taki sai zagin ya ƙi fitowa.

Ki kwantar da hankalinki a kan abu ɗaya: an yi mata. A rana ta tara na tara matan layi muna jan carbi irin namu, sai na ga Yorleni ta ciro farin zane tana shimfiɗawa. Na ce, "Ke, ba ki da hankali? Wa zai zo walima yau?" Ta ce, "Kaka ta ce yau ne." Sauran ukun suka shigo da duwatsunsu suka durƙusa a tsakiyar mutane. Saura kaɗan in kai wa Yorleni mari. Sai ga Mista Ruel a bakin ƙofa da farar riga. Ya dube su, ya cire hula, ya durƙusa a cikinsu da gwiwoyinsa masu ƙara. Waƙar ba ya ji, amma bugun yana zuwa masa ta katako, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Hawaye na zuba, yana dariya da bakinsa ba haƙori. Doña Flory ma ta ajiye carbi ta shiga, aka daka mata yatsa, ta ƙunduma ashar a gidan makoki. Na soya kifi. Na ɗauko gishiri, Yorleni ta riƙe mini hannu. Ni da Mista Ruel muka jingine katifar. Ban san me nake yi ba, amma na yi shi daidai.

Saura abin da ya sa nake roƙon ki hanzarta.

Kwanakinta na ƙarshe ta riƙa korata daga baranda, ta tsare Yorleni ita kaɗai. Ta labule nake hango su suna tafa hannu, na hagun tsohuwa da na yarinya, tsohuwa tana faɗa, yarinya tana maimaitawa. Saƙo ta bar miki. Ta ɗora shi a kan wasan tafi don kada ya zube. Yorleni ta ce akwai sunanki a ciki, akwai gida, akwai hannu, akwai "kada". Sauran ba ta san ma'anarsu ba, ba a yi su a kanti ko a wurin likita ba, sautin kawai take riƙe da shi. Na ce ta faɗa mini in rubuta yadda kunnena ya ji, ta ƙi, wai ta yi alkawari sai ke. Da rediyon yana nan da na lallaɓa ta ta faɗa masa ya ɗauka a kaset.

Kullum da safe kafin makaranta takan tsaya gaban bangon ɗakin tsohuwar, tana tafawa da shi, leɓenta na motsi. Da farko nakan zuba ruwan kofi ya gama tsiyaya, in sha rabi, ba ta gama ba. Makon jiya tare suka gama da tsiyayar. Yanzu tana riga shi. Shekararta shida, Yaya Zelma, kuma ba wanda ya rage a gidan nan da zai gyara mata.

Kada ki tsaya sayen rediyo, kada ki tsaya sayen tsaraba. Ki hau motar farko.

Yau da safe ta tsaya a tsakiya, hannunta a sama bai kai bango ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Mama, me ke biye?"

Ni fa ta tambaya.

Ƙanwarki,
Marielos